Kundin aikina: kasusuwan ajiya da suka ƙi juyawa da kansu

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Na shigo ofis da ƙarfe takwas saura, na tarar da aikin kwafin mako yana tsaye tun ranar Juma'a da ƙarfe 11 na dare, kamar an dasa shi. Na Asabar ma yana bayansa a layi. Wato kwana uku ba a kwafi komai ba. A allon bconsole saƙo ɗaya ne yake ta maimaituwa, `Cannot find any appendable volumes`, ma'ana Bacula bai sami kaset ɗin da zai yi rubutu a kai ba, yana neman in kawo masa sabo.

Bari in rubuta yadda tsarin yake, don nan da wata shida ni kaina zan iya mantawa. Ofishinmu na masu safiyo da zanen gini ne a Kano, kwamfuta goma sha ɗaya da saba guda mai Debian 12. Bacula 9.6 ke kanta, kundinsa kuma yana cikin PostgreSQL. Akwatin kaset ɗin mai gurbi takwas ne, da na'urar LTO-6 guda ɗaya a ciki. Na raba kasusuwan gida biyu. Rukunin Mako yana da huɗu, MAK001 zuwa MAK004, su ke ɗaukar cikakken kwafi duk Juma'a da dare. Rukunin Kullum yana da uku, KUL001 zuwa KUL003, su ke ɗaukar abin da ya canja kawai, kowane dare ban da Juma'a da Lahadi. Gurbi na takwas na kaset ɗin shara ne. Sunayensu na ainihi duk suna ƙarewa da L6, zan riƙa yanke shi a nan.

Tun 6 ga Disamba tsarin ke aiki. Juma'a huɗu, kaset huɗu. A ta biyar ya kamata ya koma kan na farko ya shafe shi, sai ya ƙi.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne na san na rubuta `Recycle = yes` da `AutoPrune = yes`, na kuma sa wa'adin kwana 28. Na buɗe fayil ɗin saiti, ga su nan ɓaro-ɓaro. Sai da na buga `list volumes` na ƙura wa layin volretention ido, na ga 31,536,000 a gaban kowane kaset. Daƙiƙu ne. Na raba da 86,400, ya ba ni 365. Shekara guda cur, wa'adin da Bacula ke sawa idan ba ka faɗa masa komai ba.

Ashe ranar da aka yi wa kaset suna yake kwafar dokokin rukuninsa, ya riƙe su a nasa layin cikin kundi. Ni kuwa na yi musu suna tun ranar farko, layin kwana 28 sai bayan mako biyu na ƙara shi. Gyaran ya zauna a fayil, kasusuwan ba su san ana yi ba. Na buga `reload`, na bi da `update pool`, sannan `update volume allfrompool=Mako`. Lambar ta koma 2,419,200. Ina buga `mount` ya share tsofaffin ayyukan MAK001 daga kundi, ya ɗora shi, ya fara rubutu. Ya gama wajen biyar na yamma, bayan kowa ya gama ƙorafin cewa kwamfutarsa na jan ƙafa.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na kullum suna tafiya lafiya. Ban taɓa komai ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Ya sake tsayawa. Wannan karon laifin lissafina ne zalla.

Wa'adi ba ya farawa daga lokacin da aka fara rubutu a kaset, daga rubutu na ƙarshe yake farawa. An fara MAK002 ranar Juma'a 13 ga Disamba da sha ɗaya na dare, amma bai gama ba sai bayan asubar Asabar, wajen ƙarfe shida. Kwana 28 daga nan ya faɗa safiyar yau da shida. Aikin jiya kuma ya zo neman kaset da sha ɗaya na dare, saura awa bakwai wa'adin ya cika. Bacula ba ya ragi, ko minti ɗaya ne ya rage ba zai taɓa kaset ba. Na zo da tara na buga `mount`, ya ɗauka nan take.

Na ciro kalandar bango na shimfiɗa a tebur. Da farko kwana 26 na yi niyyar sawa, sai na tuna MAK001 ranar Litinin da yamma aka gama shi, za a kuma neme shi Juma'a 31 ga wata. Tsakaninsu kwana 25 ne da 'yan awanni, 26 zai sake tsayar da ni. Na sa 24, kuma ban manta da `allfrompool` ba. Yanzu layin yana nuna 2,073,600.

Wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba sai yau: muna cewa muna da kwafi huɗu, alhali duk daren Juma'ar da ake shafe mafi tsufa, uku ne kawai a hannu har gari ya waye.

Talata, 14 ga Janairu

Fitilar shara ta kunnu a gaban akwatin. Na duba da `tapeinfo`, ya nuna TapeAlert lamba 20, wato a share kan na'ura yanzu. Hunturun bana ya zo da ƙura sosai, ɗakin sabar kuma yana da taga mai kallon titi wadda ba ta rufuwa ruf. Na shafa yatsa a saman akwatin, ya fito jawur. Na ɗora kaset ɗin shara, na ja layi ɗaya a takardar bayansa. Sau hamsin ake amfani da shi, wannan ne na biyu. Na aiki ɗan bautar ƙasar da ke tare da ni ya sayo soso da salatif na naira 2,000, muka toshe tagar.

Asabar, 18 ga Janairu

MAK003 ya juya da kansa jiya, ba wanda ya sa masa hannu. Karo na farko ke nan.

Da hankalina ya ɗan kwanta sai na leƙa rukunin Kullum, na ga abin da ya kwana arba'in yana kallona. KUL001 ne kaɗai ake ta rubutu a kansa tun Disamba, matsayinsa Append, sauran biyun ko sau ɗaya ba a ɗora su ba. Abin da ke canjawa a ofis a rana bai wuce gigabait 30 zuwa 40 ba, kaset kuma yana cin terabait 2.5, sai ya fi wata biyu bai cika ba. Muddin kaset yana Append, Bacula ba ya lissafa shi cikin waɗanda za a juya, sai ya zama Full ko Used. Kuma ko da zai lissafa, kullum dare ana sabunta ranar rubutunsa ta ƙarshe, wa'adin yana ta matsawa gaba kamar mai bin inuwarsa.

Ba a kira wannan matsala ba tukuna, domin ba abin da ya tsaya. Amma duk ƙananan kwafinmu na wata ɗaya da rabi suna kan kaset guda, in ya tsinke shi ke nan. Na sa wa rukunin `Volume Use Duration` na kwana shida da wa'adin kwana 14. Kowane kaset zai fara Asabar ya rufe Alhamis, ya huta kwana 16 kafin a dawo kansa. Da gangan na yi gyaran yau Asabar don juyin ya dace da mako.

Bayan na gama na sake duba jerin, KUL001 yana nan a Append, har na ɗauka gyaran bai shiga ba. Ya shiga. Ba ya sauya matsayin sai wani aiki ya zo neman kaset. Da sha ɗaya da 'yan mintuna na leƙa daga gida, ya mayar da shi Used, ya ɗauki KUL002.

Asabar, 25 ga Janairu

MAK004 ya juya jiya, KUL003 ya karɓi aiki yau. Cikakken kwafi ya kai terabait 1.8. A kwalin kaset an rubuta 6.25 idan an matse, amma kayanmu hotunan jirgi maras matuƙi ne da taswirorin da aka yi wa sikanin, a matse suke tun asali. Da 2.5 nake lissafi.

Laraba, 29 ga Janairu

An ɗauke wuta jiya da sha ɗaya da kwata, ana tsakiyar rubutu. Maigadi ya ce bai fi minti huɗu ba ya tada janareta, amma UPS ɗin ko minti ɗaya bai riƙe ba. Baturansa sun mutu ban sani ba. Sabar ta tashi lafiya, aikin jiya ya faɗi. Na rubuta wa Alhaji takardar neman kuɗin batura biyu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ranar da ba zan so in maimaita ba.

Da aikin daren Laraba ya zo ƙara rubutu a KUL003, Bacula ya wuce zuwa ƙarshen kaset ya ƙirga fayilolin da ke kai, ya kwatanta da abin da kundi ya ce. Na kaset ya gaza na kundi da ɗaya, domin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar bai kai ga sauka ba wuta ta tafi. Sai ya sa masa Error ya ajiye shi gefe. Kaset mai Error ba a rubutu a kai, ba kuma ya shiga juyi, ko shekara nawa zai yi. Ya nemi wani. KUL002 sai 6 ga Fabrairu, KUL001 kuma sai daren yau wa'adinsa zai cika. Ya tsaya.

Na yanke shawarar sakin KUL001 da hannu, tunda awanni ne suka rage masa. Umarni biyu ne ke wannan aiki. `prune` yana duba wa'adi, abin da ya cika kawai yake cirewa. `purge` ba ruwansa da wa'adi, yana kwashe komai na kaset ɗin daga kundi. Na biyun nake buƙata.

Kafin nan ina duba bayanan MAK004 da `llist volume=MAK004L6`. Sai ga Hajiya mai kula da kuɗi a bakin ƙofa da takardata a hannu.

"Malam, waɗannan baturan ba za su jira ƙarshen wata ba?"

"Hajiya, ai yau talatin ga wata."

"To, ba za su jira sabon wata ba?"

Ina ba ta amsa, hannuna yana kan allon rubutu. Na danna kibiyar sama, umarnin baya ya dawo, na goge kalmar farko na rubuta purge, na danna. Gargaɗinsa ya fito da manyan baƙaƙe, idona ya bi ta kai ya wuce. Sai da ta juya ta tafi na karanta layin ƙarshe: MAK004L6, an mayar da shi Purged. Gumi ya karyo min cikin sanyin nan na hunturu.

Cikakken kwafinmu mafi sabo ke nan, na 24 ga wata. Bayanan suna nan a kan kaset, ba abin da ya goge su, kundi ne kawai ya manta da su. Haɗarin biyu ne. Gobe Juma'a Bacula zai fara da kaset ɗin da ke Purged kafin ya waiwayi MAK001, ya shafe shi. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Da wani zai nemi a dawo masa da fayilolinsa yau, Bacula zai haɗa cikakken kwafin 17 ga wata da ƙananan da suka biyo baya, ya ba ni abin da ya yi kama da daidai. Amma duk aikin da aka yi ranar Juma'a 24 da rana ba ya cikin ƙaramin kwafi ko ɗaya, a MAK004 kaɗai yake. Ranar ce kuwa aka kammala taswirar wani fili da aka yi mako uku ana aunawa.

Abu na farko, `update volume=MAK004L6 recycle=no`. Na soke aikin da ke jira, na tsayar da bacula-sd don ya saki na'urar. Na ciro kaset ɗin na tura ɗan jan makullin hana rubutu da ke gefensa, na mayar, na ɗora shi da `mtx`. Sannan na saki `bscan` da -s da -m a kan /dev/nst0. Aikinsa shi ne ya karanta kaset daga farko har ƙarshe, ya sake gina layukan kundi daga abin da ya gani. Na'urar tana iya megabait 160 a daƙiƙa, a lissafi awa uku da ɗan abu ke nan, amma saka sunayen fayiloli cikin PostgreSQL ya ja shi zuwa awa biyar da rabi. Na zauna a gabansa kamar mai jinya, sallar azahar kawai ta tashe ni.

Ɗan bautar ƙasa ya leƙo ya ce, "Oga, na ga akwai wani layi, Purge Oldest Volume. In muka sa shi ai ba zai ƙara tsayawa ba."

Na ce masa gaskiya ne ba zai ƙara tsayawa ba. Abin da na yi da safe bisa kuskure, shi wannan layin zai riƙa yi duk lokacin da kaset ya yanke, da tsakar dare, ba mai gani. Ranar da wani aiki ya haukace ya cinye kaset uku, sai ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Na gwammace in zo da safe in tarar da shi a tsaye. Akwai ɗan'uwansa, `Recycle Oldest Volume`, wanda ke mutunta wa'adi, amma da shi ma yau bai cece ni ba, tunda wa'adin ne bai cika ba.

Da la'asar bscan ya gama. Ayyukan sun dawo da sababbin lambobi. Na dawo da taswirar filin nan zuwa wani wuri daban, mai zanen ya buɗe ya ce ita ce. Na mayar da MAK004 Used, na buɗe makullinsa, na mayar masa da recycle. KUL003 ma na sauya shi daga Error zuwa Used, ya ƙarasa wa'adinsa da abin da ke kansa. Sannan na saki KUL001, na rubuta sunan harafi bayan harafi, na karanta sau biyu.

Asabar, 1 ga Fabrairu

MAK001 ya juya daidai, kwana 24 ɗin sun yi aiki. Sai dai KUL001 ya fara ranar Alhamis maimakon Asabar, juyin ya goce. Na koma kan kalanda: zai rufe, a nemi KUL002 ranar Alhamis 6 ga wata da sha ɗaya, shi kuma wa'adinsa sai sha ɗaya da rabi. Rabin awa! Na ƙara wa KUL001 shi kaɗai kwanakin aiki zuwa takwas da `voluse`. Na manna takarda a jikin akwatin cewa in mayar da shi shida, domin ko an juya shi da takwas ɗin zai ci gaba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An saka batura, naira 38,000 kowane. Na zare wuta da gangan, UPS ya riƙe minti 19. Na haɗa shi da sabar ta NUT don ta kashe kanta cikin tsari idan baturi ya kusa ƙarewa.

Alhaji ya kira ni kan maganar ƙarin kaset. Ya ce, "Bakwai ba su isa ba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, sun isa ranar da komai ke lafiya. Ɗaya ya samu matsala makon jiya, sai da muka kwana ba kwafi." Ya sa hannu a kan biyu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

MAK002 jiya, KUL002 yau. Na mayar da KUL001 kwana shida, na yage takardar.

Talata, 11 ga Fabrairu

Kasusuwan sun iso daga Legas jiya, naira 58,000 kowane, kuɗin mota 6,000. Jimillar abin da aikin nan ya ci zuwa yau naira 200,000.

Na buɗe sabon rukuni mai suna Scratch. Sunan dole ya zama haka, domin da shi Bacula ke gane rukunin ko-ta-kwana: idan wani rukuni ya rasa kaset, sai ya ɗauko daga nan, kaset ɗin ya koma ɗan wancan gidan. Gurbi ɗaya kawai zan iya samarwa, don haka kaset ɗin shara ya koma durowa, AJI001 ya hau gurbi na takwas, AJI002 yana kabad.

Jiya da yamma na sauke kaset daga na'ura, na ba ɗan bautar ƙasa ma'ajin kasusuwan ya goge musu ƙura. Yaron kirki, ya goge ya kuma jera su bisa haruffa, AJI a gaba, sai KUL, sai MAK. Ni kuma aka kira ni gyaran firinta, na mayar da ma'ajin na tafi, na bar yi wa sabon suna sai yau. Da dare Bacula ya aika hannu gurbin da ya san KUL002 yake, ya ɗauko wani daban. Ya karanta sunan da ke rubuce a farkon kaset ɗin, ya ga ba shi ba ne, ya ƙi rubutu. Wannan taurin kan nasa da nake ta ƙorafi a kai tun Janairu, jiya shi ya hana a taɓa wani kwafin mako.

Gyaran bai ɗauki minti biyu ba: `update slots`, ya karanta lambobin jikin kasusuwan ya daidaita kundi. Na bi da `label barcodes` don sabon. Ban yi wa yaron faɗa ba, ban taɓa gaya masa ba. Na rubuta da maka a murfin akwatin: duk wanda ya buɗe, ya buga update slots.

Asabar, 15 ga Fabrairu

MAK003 da KUL003 duk sun juya. KUL003 shi ne wanda wuta ta kama, an shafe shi daga farko ba tare da kuskure ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

MAK004, mai tarihi, ya juya. Fitilar shara ba ta ƙara kunnuwa ba tun da muka toshe taga.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama tun shekaranjiya, ofis yana tashi da uku, don haka na matso da ayyukan dare zuwa ƙarfe tara. Kafin in taɓa jadawalin sai da na ɗauko kalanda: awa biyu ba za su ci wa'adin kowa ba, Mako na da rarar kwana uku da wani abu, Kullum kusan biyu. AJI001 yana nan a Scratch ba a taɓa shi ba.

Yau na gwada dawo da babban fayil ɗin ayyukan 2024 gaba ɗaya zuwa wani faifai, gigabait 212, ya ɗauki minti 48. Na buɗe guda goma da ka, duk sun buɗu.

Saura abu biyu. Cikakken kwafi ya kai terabait 1.9, in ya haura 2.5 zai nemi kaset biyu a dare ɗaya, lissafin huɗun nan ya rushe. Sannan duk kasusuwan suna ɗaki ɗaya da sabar, gobara ɗaya ta ishe su. Na yi magana da Alhaji, ya yarda a riƙa kai kaset ɗaya gidansa duk wata. AJI002 zai fara, a sabon rukunin Wata mai wa'adin wata shida. Kafin nan sai na ɗaga `File Retention` da `Job Retention` na kowace kwamfuta, don har yanzu suna kan kwana 60 da 180 da suka zo da su, kuma sunayen fayiloli za su ɓace daga kundi tun kaset ɗin bai yi rabin wa'adinsa ba. Na sa ranar Alhamis bayan azahar.